Kawu Ɗan Sandan Balbela

Kawuna ƙanin mamata aikinsa korar tsuntsaye a filin jirgi, kar ku yi dariya, aiki ne na gaske har da riga mai walƙiya, shekara ashirin da huɗu yana yi. Shi ya gaya mana tsuntsu in ya faɗa injin jirgi to sai dai addu'a. Da sassafe yake zagaya titin jirgi da 'yar motarsa da bindigar da ƙara kawai take yi, ya duba ciyawa, wai in an aske ta ƙwal tsuntsaye sun samu wurin zama ke nan. In iska ta juya ya san inda za su sauka tun kafin mutanen hasumiya su kira shi. Mamata ɗan sandan balbela take ce masa, shi kuma ya ce gara shi, ita ko kazar gida ba ta jin maganarta.

Gidansa bayan shingen filin yake, to wasanmu da shi ya rufe ido, jirgi ya wuce, ya faɗi inji biyu ne ko huɗu, na kaya ne ko na mutane, mu fita a guje mu duba, wallahi bai taɓa yin kuskure ba. Kuma shi ko sau ɗaya bai taɓa hawa jirgi ba.

Abin toshe kunnen da aka ba su a wuya yake rataye shi kamar sarƙa, wai in ya sa ba ya jin kukan tsuntsu, ba ya jin jiragensa. Matarsa ta yi faɗa har bakinta ya gaji.

Bara aka yi musu gwajin kunne, wanda ya faɗi ba shi ba fili. Likita ya sa shi a wani ɗan ɗaki ya ce in ka ji ƙara ka danna. Kawu ya gyara zama yana jiran a fara, ashe an gama.

Yanzu kullum yana bakin taga da tafin hannu a kan gilashi. Jiya na kai masa saƙon mamata sai ga jirgi, bai ko ɗaga kai ba ya ce na kaya ne, ya yi nauyi. Na leƙa, shi ne kuwa. Na ɗaga murya na ce Kawu ashe ka ji.

Ya ce, "Tagar ce ta ji, ta gaya min."

Can ya ce, "'Yar gidana, har yanzu yana wannan siririn fiton in zai sauka?"

Na gyaɗa kai. Ya ce to yi min irinsa. Na tsuke baki na yi ta yi, shi kuma yana kallon bakina, hannunsa bai bar gilashin ba.