Gwaggo Mai Keke da Wasiƙun Kofur

Gwaggona tela ce. Ƙanwar mahaifinmu ce, kuma tun ina ƙarama na san ta zaune a baranda bayan keken ɗinki mai ƙafa, tef a wuya, allura biyu soke a bakin ɗankwali. A duk layin, Mai Keke ake kiranta. Mijinta kuwa Kofur ake ce masa har ya bar duniya.

Shekararsu uku da aure aka fara yaƙi. Makanike ne a garejin bakin tasha, sai aka ɗauke shi gyaran motocin soja. Ya bar ta da goyon 'ya mace da mahaifiyarsa, wadda kowa ke kira Inna, idonta ya fara rauni.

Wasiƙarsa takan zo wata-wata. Gwaggo aji huɗu ta yi a firamare, don haka ita ke karanta wa surukarta. Ta ce rubutunsa kamar kiyashi sun watse, kuma ba a rasa tabon baƙin mai a gefen takardar. Zai gaida Inna layi goma, ya tambayi yoyon rufin ɗaki, ya ja kunne kada a ba kowa aron sifanoninsa. Can ƙasa sai ya ce, "A gaida mai ɗinki, ta rage taka keke da ƙarfi kada bel ya tsinke."

"Iyakar naki ke nan?" Inna kan tambaya.

"Iyakarsa ke nan, Inna."

"Wannan yaro, ubansa ya biyo."

Inna ba ta san takardar tana da baya ba. Can yake rubuta wa matarsa nata, ita kuma sai ta shiga ɗaki take karantawa.

A shekara ta biyu aka yi wata uku shiru. Da wasiƙa ta zo, Gwaggo na buɗewa ta ga ba rubutunsa ba ne. Rubutu ne mai kyau a jere, takarda fes, bayanta babu komai. An ce yana lafiya, an mayar da shi aikin ofis. Inna ta yi hamdala, ta ce gara ma, ya huta da kwanciya ƙarƙashin mota.

Gwaggo ta rubuta amsar Inna kamar yadda ta faɗa, sannan ta ƙara wata 'yar takarda tata. "Wa ya rubuta maka? In kai ne kake faɗa ana rubutawa, gaya mini abin da na sa maka a aljihun jaka ranar tafiyarka."

Mako shida tana jira. A cikinsu ta ɗinka wa wata mata riga hannu ɗaya ya fi ɗaya tsawo, abin da ba ta taɓa yi ba.

Amsar ta zo da wannan kyakkyawan rubutu. "Tsohon tef ɗinki kika sa mini, wai in riƙa auna cikina kada in rame." Daga nan ya faɗi gaskiya. Tankin man wata mota ne ya kama wuta yana ƙarƙashinta. Hannunsa na dama ya ƙone, likitoci sun yanke shi daga wuyan hannu. Yana asibiti, wani ma'aikacin jinya ne ke rubuta masa. Ya roƙe ta kada ta gaya wa Inna. A ƙarshen takardar akwai kalma biyu a karkace, da hagu ya yi su: "Ni ne."

Ta wanke fuska, ta fito ta karanta wa Inna gaisuwa, ta tsallake sauran.

Inna ta karɓi takardar ta shafa. "Shafi biyu ne nake ji, amma karatun gajere."

"Maganar aiki ce, Inna."

Kwana huɗu ta iya riƙewa. Ran na biyar suna tsintar shinkafa a tire, ta ajiye nata ta faɗa mata komai. Tsohuwar ba ta ɗago ba.

"Dama ko hagu?"

"Dama."

Inna ta juya shinkafar da yatsa. Sannan ta ce, "Ɗauko biro. Ki ce masa na gode wa Allah da ya bar mini sauran. Ki kuma ce ya daina ɓoye mini abu, ni na haife shi."

Daga nan Gwaggo ta koma rubuta masa duk mako. Ta kafa masa sharaɗi, ko layi ɗaya ne ya yi da hannunsa, in ba haka ba ba za ta amsa ba. Da fari layi ɗaya yake yi, yana ƙorafin biro na guje masa. Kafin a sallame shi yana cika shafi. Ita kuma ta kwaso rigunansa daga akwati, ta cire ƙananan maɓallai ta sa manya, ta faɗaɗa ramukansu yadda hannu ɗaya zai iya ɓallawa.

Bayan wata takwas ya dawo. 'Yarsa ta ɓuya bayan keken ɗinki, sai da aka kwana biyu ta yarda ya ɗauke ta. Shekarar farko ba ta yi daɗi ba. Yakan wuni a ɗaki, abu kaɗan ya hau faɗa. Wata rana Gwaggo ta miƙa hannu za ta taya shi ɗaura agogo, ya yi jifa da shi. Ta tsince shi ta ajiye a kan tebur, ta koma ɗinkinta, ba ta ƙara taya shi abin da bai nema ba.

Mai garejin ne ya zo da kansa, ya ce akwai wata babbar mota da ta gagare su. Kofur ya bi shi ba don yana so ba. Ya sa aka tayar da injin, ya kara kunne, ya nuna inda za a kwance. Nan matsalar take. Shekara ashirin da shida ya yi a garejin yana sauraron inji, wasu suna riƙe sifana.

Inna ta rasu shekara huɗu bayan dawowarsa, shi kuma bara waccan. Gwaggo ta haura saba'in yanzu, tabarau biyu take haɗawa kafin ta zura zare. 'Ya'yanta biyar sun yi sun yi ta bar ɗinkin, ta ƙi. Makon jiya da na je gaishe ta, na tarar tana yanka rigunan makaranta guda goma sha biyu, ta ce in ja kujera in riƙe mata bakin yadin.