Neman izinin gangar Baba

Ko tsufa ya kwashe min komai a kai, akwai mako guda da na san ba zai tafi ba: makon da aka ce in kawo shaidar cewa kiɗan da nake busa a kansa halaliyata ne, ko in naɗe kayana in ba wani wuri.

Ni mai busa saksafon ne, kiɗan jaz. A unguwar Karantina aka haife ni, a birnin nan na bakin teku kusa da Makka, iyayenmu daga Sudan suka zo. Sauran kwanaki ina tsaron shagon kayan mota, Alhamis da Juma'a kuwa, daga bayan la'asar zuwa magariba, ina busa a wani gidan cin abinci a bakin ruwa a Abhur. Ba ni da makaɗa, don ba mai biyan mutum huɗu. Abin da nake da shi kiɗan rakiya ne, wato ganga da fiyano da bas da aka naɗa aka bar gurbin busa, in kunna a lasifika in ɗora nawa a kai. Wanda bai taso a garin nan ba ba zai gane darajar wurin nan a wajena ba. Na yi shekaru ina busa a ƙuryar ɗaki, da safa cushe a bakin saksafon don kada maƙwabta su ji, sai ga ni tsaye a fili mutane na tafa min.

Wata Alhamis ina warware wayoyina mudir ɗin gidan, wato manaja, ya zo ya tsaya a kaina. Mutum ne mai fara'a, amma ranar ya bar ta a ofis. Ya ce lauyan kamfaninsu ya taso su a gaba.

"Haƙƙin waɗanda suka tsara waƙoƙin, wannan namu ne, gidan zai ji da shi," in ji shi. "Amma abin da ke fitowa daga lasifikarka, wani ne ya kaɗa ya naɗa. Ina ka samo shi? Da yawa daga intanet suke saukewa, alhali an ce na koyo a gida ne kawai."

Na yi dariya har da dafa ƙirji. Na ce nawa ba na intanet ba ne, kawuna ne ya yi min da hannunsa.

"Tayyib. Kawo min izinin mai shi a rubuce kafin Alhamis mai zuwa. In babu, wallahi ba a hannuna abin yake ba, akwai wani mai fiyano da ke jiran gurbin."

Ko a jikina. Kawu ƙanin mahaifiyata ne, shi ya fara ɗora min yatsu a kan saksafon. A ƙuruciyarsa shi ke kaɗa fiyano a bukukuwan mutanenmu, a bayan rufaffiyar ƙofa. Shi da amininsa, wanda muke kira Baba mai ganga, su suka naɗa min kiɗan nan a wani ɗaki a Karantina, an jingina katifa a ƙofa. Baba ya rasu tun kafin hukuma ta rushe unguwar. Kawu kuma yanzu yana unguwar Safa, gemu fari fat, ba ya rasa sahun gaba a masallaci.

Na same shi yana shan shayi. Ya saurare ni, ya sa tabarau ya karanta takardar izinin da mudir ya ba ni don mai kiɗan ya sa hannu, ya ɗauki biro, sai kuma ya ajiye.

"Ba zan sa hannu ba."

Ni kuwa Allah ya yi ni da saurin hawa. Nan take na yanke cewa kunya yake ji, kada surukansa su ji cewa dattijon kirki ya taɓa zama makaɗi. Na ce, "Haba Kawu, zamani ya canja fa. Ba wanda zai nuna ka da yatsa."

"Ya walad, rufe min baki," ya ce. "Yaushe na taɓa jin kunyar yatsuna? Fiyano da bas nawa ne, na ba ka duniya da lahira. Amma takardar nan cewa ta yi ni kaɗai ne mai shi. Gangar fa? Ranar da bawan Allahn nan ya kaɗa ta, don ka koya a ɗaki ya kaɗa, ba don ka ci abinci da ita ba. Ya rasu, ta zama gado. Ka taɓa tambayar matarsa da 'yarsa?"

Na ce ai mudir bai san wanda ya kaɗa gangar ba, ba kuma zai tambaya ba.

"Mudir bai sani ba. Ni na sani."

Na fito raina a ɓace. Ina tuƙi ina mita ni kaɗai: lauya ya sa ni a gaba, ga Kawu ya fi lauyan tsanani. Na je gida na gwada cire gangar da kwamfuta, abin ya ƙi, don tare aka naɗa su a ɗaki ɗaya. Ba yadda na iya, sai neman Hajja matar Baba.

A nan na san abin da rushe unguwa yake nufi. Da, in kana neman mutum a Karantina, tambaya ɗaya ta ishe ka. Yanzu kowa ya watse, lambobin waya sun mutu, wanda ka tambaya sai ya ce ya ji an ce sun koma Makka, wani ya ce Sudan. Mahaifiyata ta buga wa ƙawayenta na biki da ta'aziyya har wayarta ta yi zafi. Kwanaki na ta tafiya. A ƙarshe wani mai gasa agashe da ya taɓa zama a layinmu ne ya ce yana ganin 'yar Baba, ita da Hajja suna can gabas da babban titi, a wani ɗan gida a saman bene. Ranar Laraba ke nan.

Samun su bai kwantar min da hankali ba. Kowa a unguwarmu ya san Hajja ba ta taɓa son gangar mijinta ba. Ta sha ɓoye masa sandunan kiɗa a cikin buhun shinkafa. Da ita za a je roƙon izinin kiɗa? Na ɗauki Kawu a mota, da kwalin dabino, ina jin kamar mai zuwa karɓar hukunci.

Aka yi gaisuwa, aka tambayi wane da wance, aka yi jajen gidaje, aka sha gahawa, ni dai ina zaune kamar a kan ƙaya. Sai can Kawu ya kawo maganar, a hankali, ya ce abincin yaron nan ne ya rataya a kanta. Hajja ta dube ni sama da ƙasa.

"Ganga kuma? Har yau gangar nan ba za ta bar ni in huta ba?" Ta gyara mayafi. "Kunna in ji abin da kuke roƙo."

Na lalubo na asalin a wayata, wanda ba a gyara ba, na danna. Kafin kiɗa ya tashi sai aka ji tari, sannan muryar Baba, tana dariya-dariya: "Yalla ya jama'a, kar ku yi gudu, yaron nan sabon shiga ne. Wahid, itnen…"

'Yar ta toshe baki da hannu. Hajja ba ta motsa ba, sai da ganga ta shiga ta ce, "Tsayar. Mayar baya." Na mayar. Ta sake cewa in mayar. Ashe wayarsa da kasa-kasansa duk sun salwanta a kwasar kaya lokacin rusau, tun daga lokacin ba su sake jin muryarsa ba. Wallahi sai na ji wurin aikin nawa ya yi min ƙanƙanta a ido, na sunkuyar da kai ina share hawaye.

Da ta natsu ta ce, "Rayuwata duka ina faɗa da gangar nan, ashe ita za ta dawo min da shi." Na ce zan riƙa kawo musu kasonsu daga abin da nake samu. Ta ɗaga hannu. "Halas, ɗana, na yafe. Ka riƙa yi masa sadaka ranar Juma'a. Amma ka sa min wannan a wayata kafin ka fita."

'Yar ta karɓi takardar ta karanta tsaf, ta ce ita ma ta yafe, da sharaɗin a rubuta cewa mahaifinta ne ya kaɗa gangar. Aka rubuta, suka sa hannu. Sai a lokacin Kawu ya zaro bironsa, yana min harara ta saman tabarau.

Washegari na miƙa wa mudir. Ya duba sama-sama, ya ce, "Tamam, yalla, haɗa kayanka, mutane sun fara zuwa." Shi ke nan fa! Mako guda ina cin abinci ba na jin ɗanɗanonsa, shi ko zama bai yi ba. Na koma bayan lasifika na zauna a kan akwatin saksafon, na yi ta hamdala. Ban taɓa busa da sakakkiyar zuciya irin ta ranar ba.

Da ina ɗaukar maganar izini a matsayin fitinar lauyoyi. Makon nan ya koya min cewa abin da aka ba ka don ka koya, ba shi ke nan an ba ka don ka ci abinci da shi ba, kuma haƙƙin mutum ba ya bin sa kabari. Tun daga lokacin, in aka miƙo min kiɗa, kafin in ji ko yana da daɗi sai na tambayi hannun waye a ciki, yana raye ko ya bar magada.