Ƙyallen da Idon Inna Ya Zaɓa

Sakkwato

Ana idar da sallar asuba na rataya jakata na fita, wata Asabar cikin bazara, a shekarun nan na mulkin farar hula da aka ce kowa ya tsuke bakin aljihunsa. A jakar akwai tocila mai batir uku, da igiyar awo, da goron Inna. Matata Hajara ta rako ni bakin ƙofa tana dariya, wai ita ba ta taɓa ganin wanda ya yi sammako don neman ƙyalle ba.

Ga dalilin tafiyar. Ƙanena Bello yana karatu a Turai, da matarsa tare da shi, kuɗin jirgi kuwa ya gagara, sun daɗe ba su zo gida ba. Can aka haifa musu ɗa, aka sa masa sunan mahaifinmu marigayi. Sun aiko hotuna, amma yanar ido ta fara rufe ganin Inna, ta juya hoton nan ta juya, ta ce ita duhu-duhu kawai take gani. Da Bello ya ji haka sai ya aiko da ƙaramin majigi ta hannun wani abokinsa, da naɗin fim guda na yaron, ko da girman hoto zai taimaka.

Na gwada a bangon falona mai koren fenti, kowa ya fito kamar mai ciwon shawara. Na rataya zanen gado, haske ya bi ta cikinsa ya wuce, ninkin zanen kuma ya raba fuskar yaron biyu. Allon majigi na kanti an daina shigo da shi. Sai na yanke shawarar in biya Boɗinga wurin masu yadi, in wuce Shagari in ɗauko Inna, tunda can babu wutar lantarki.

Kiya-kiyarmu ta tashi gari bai gama wayewa ba. A shingen 'yan sanda na bayan gari wani kofur ya buɗe jakata, ya ɗaga tocila da igiyar awo, ya tambaye ni ko ni mai haƙar rijiya ne. Da na gaya masa abin da nake nema sai ya manta da sauran fasinja. Ya ce yana yaro an taɓa kawo majigi ƙauyensu, shi ta bayan ƙyallen ya kalla saboda cunkoso, kowa a fim ɗin bahago ne. Sai da direba ya danna oda sannan ya sake mu.

Boɗinga

Mun iso rana ta ɗan ɗaga. Na karya da kunu da ƙosai a bakin tasha, na nufi shagon Umaru tela, abokina tun firamare. Shi ya kai ni wurin Alhaji Modi mai yadi, dattijo mai farin gemu wanda kantocinsa rabi duk fanko ne. Bayan doguwar gaisuwa na faɗi buƙatata. Ya ce ya sayar da yadi don aure da suna da sallah, amma yau ne farkon da aka zo masa neman yadin da haske zai sa.

Muka shiga ɗakin ajiyarsa, muka ja ƙofa, muka toshe taga da buhu. Umaru yana riƙe yadi, ni ina haskawa, Alhaji yana zagayawa gaba da baya yana ba da rahoto. Farar shadda muka fara, don a zatona ita ce sarauniya. Ta ƙyalla ƙwarai, amma hasken ya taru wuri ɗaya a tsakiya kamar ƙwai a faranti, zanen furannin jikinta kuma ya tashi ɓaro-ɓaro. Wanda ya tsaya daga gefe ba ya samun komai. Tetiron kuwa rariya ce, Alhaji ya ce hasken da ke bayanta ya isa a karanta allo. Abin ya ba ni mamaki, yadda fari da fari suke bambanta haka in an sa su a duhu.

Sai ya jawo alawayyo. Nan na ga abin da nake so: fari tas, babu ƙyalli, hasken ya bazu ko'ina daidai. Na ce a yanka mini. Alhaji ya naɗe abinsa a hankali.

"Ɗana, ka yi haƙuri. Ɗan guntun ga shi kaɗai yar rage, ban san ran da wani ka zakuwa ba. Na masu tahiya lahira na. In an yi rasuwa cikin garin ga, nan a ka aikowa."

Ban ja ba. Abin da ya rage shi ne akoko, yadin nan mara wanki mai ruwan madara da ake yi wa riga shafi da shi. Yana da faɗi, yana da kauri, ba ya barin haske ya wuce sosai, amma a idona ya dushe. Na saya dai don in yi masa gata ya zama na baya, in na sami farin da zan sa a gaba. Umaru ya ƙara mini da guntun shadda da na tetiron daga ragowar ɗinki, ya ce in nuna wa mai kallon, tunda ba don idona ake yi ba. Muka sha fura da nono a ƙofar shagonsa, ya raka ni tasha.

Shagari

A-kori-kura na samu, cike da manoman albasa da suka kai kaya suna komawa da buhuna fanko. Hirarsu duk ta taki ce da tsadar shinkafa da sabulu. Wani ɗan Dandin Mahe da ke kusa da ni ya shafa akokon, ya tambaya ko wando zan ɗinka, na ce majigi. Ya dube ni, ya matsa kaɗan.

Na isa gida bayan la'asar. Inna tana tsakar gida tana ɓarar gyaɗa, da murya ta gane ni kafin in ƙaraso. Ta sa aka kawo tuwon dawa da miyar kuka, na ba ta labarin tafiyata tun daga kofur har Alhaji Modi. Da na zo kan alawayyo sai ta tashi ta shiga ɗaki. Na ji ƙarar murfin adaka. Ta fito da ƙunshi a tsohon zane, ta kwance a gabana: alawayyo ne sabo fil, mai faɗi, yana ƙanshin turaren wuta. Ta ce ta saya tun shekarar da Malam, mahaifinmu, ya rasu, da kuɗin man gyaɗarta, don kada ranar ta zo a wahalar da kowa.

Na ce Inna, Allah ya sawwaƙe, ba zan rataya wannan a falona ba.

"Mi a ciki?" in ji ta. "Ba a sa ni ciki ba tukuna. In ga jikana bisa gare shi, a wanke a maido min abina."

Na kwana a shigifar Malam, barcin bai yi daɗi ba. Inna in ta faɗi magana ba ta janyewa, ni kuma na ga yadda alawayyo yake shan haske, na san shi zai ci.

Da hantsi muka rufe ɗakinta da tabarma, na rataya yadin ɗaya bayan ɗaya a igiyar kayanta. Na zaunar da ita inda nake jin za ta zauna a falo, ina haskawa, ina sa yatsuna a gaban tocila don inuwarsu ta faɗa kan yadin, ita kuma ta faɗi nawa ne. Shadda, ta kawar da kai. Tetiron, ta ce hayaƙi take gani. Na rataya nata, na kunna. Ta ƙyafta, ta ƙyafta, ta kai hannu ta kare goshi, hawaye ya zubo. Ta ce hasken ya cika mata ido kamar ta dubi rana a kwano, yatsun sun narke a ciki. Ta nemi a sake, aka sake, haka dai.

Akoko ya rage, na rataya shi don kawai a ce an gwada.

"Ukku," in ji Inna. Na canza. "Biyu. Kai, har zoben hannunka ina gani."

Na tsaya riƙe da tocila ina mamaki. Ashe ido mai yana, hasken da ya yi yawa warwatse masa yake yi, wanda ya ɗan dushe shi ne yake bar masa siffa. Ni ina ta neman wanda ya fi fari, ita kuwa mai sanyi take buƙata. Inna ta ninke alawayyonta da kanta, ta mayar adaka, ta ce to, ya ƙara jira.

Boɗinga kuma

Washegari muka kama hanya, direba ya ba Inna gidan gaba. A Boɗinga Umaru ya yi dariya har da riƙe ciki da ya ji wanda ya ci. Ya ce tunda na baya ya koma gaba, sai a nemo masa nasa na bayan. Ya ɗinka baƙin yadi a bayansa don ya tare ɗan hasken da ke tsallakewa, ya yi kalmasa mai faɗi sama da ƙasa inda za a zura gora, don nauyin ta ƙasa ya miƙar da shi. Alhaji Modi ya tako da kansa ya gaida Inna, ya roƙi in zo in gaya masa yadda ta kaya.

Gida

Mun shigo Sakkwato da yamma, babu wuta. Hajara ta yayyafa wa yadin ruwa ta goge da dutsen guga na gawayi, muka rataya, muka jira. Sai washegari bayan azahar aka kawo. Na yi maza na rufe tagogi da barguna, na kunna.

Fim ɗin ba shi da murya, sai ƙarar injin. Ga ciyawa, ga wani gida mai jan bulo, sai ga yaro cikin riga mai kauri yana tatata, yana nufo mu, fuskarsa ta cika ƙyallen. Inna ta miƙe, ta nufe shi da hannu a miƙe. Tana isa sai ya ɓace, baƙar inuwa ta rufe wurin. Ta juyo a firgice tana tambayar wa ya ɗauke shi. Hajara ta kama hannunta ta ce, "Ke ce kika tare shi, Inna, matso nan gefe." Ta matsa, ya dawo. Ta tsaya a gefen nan, kanta dab da ƙyallen.

"Kunnuwan Malam na," ta ce. "Maigidana ya dawo da kunnuwanai."

Da Bello ya fito yana ɗaga hannu sai ta amsa masa gaisuwa, ta tambaye shi sanyi, ta jira kamar zai ba da amsa. Muka maimaita har injin ya yi zafi na ji tsoron ƙwan fitilarsa zai ƙone. Da na kashe ta zauna ta goge ido da gefen mayafi, ta ce in rubuta wa Bello in ce ta gani da idonta. In kuma ce masa ya aske sumar nan, ba a gidanta ya koyo ta ba.

Na gode wa Allah da ya kai mu ya dawo da mu lafiya. Na gode wa Umaru da bai karɓi ko kwabo ba, da Alhaji Modi da ya hana ni abin da na nema, Allah ya saka musu da alheri.