Mai Makokin Waterloo a Layin Nama

A wani shagon halal a nan Greensboro ta Amurka, wani mutum ya tare mana layin nama. Dogo ne, ya murɗe gashin-baki sama, ya tsuke cikin kwat mai maɓallan tagulla duk da zafin nan na Yuli. Mahauci na riƙe da wuƙa yana jiran ya faɗi abin da yake so, shi kuwa lacca yake ba shi.

"Dakarun tsaron Napoleon na Faransa fa nake gaya maka, mon ami, abokina! Ba a ɗaukar gajere. Hularsu ta gashi doguwa ce kamar turmi. A Waterloo suka hau tudu a jere, Ingilishi na yi musu ruwan harsashi. Ranar ce suka fara sanin ja da baya."

Har yana share ido.

Wata tsohuwa a bayansa ta ce, "Malam, ƙafata na ciwo." Ko waiwaye bai yi ba.

Ina jin shi kaɗai yake zaune, daga aiki sai bidiyon yaƙi a waya. Abin da ya ƙona mini rai shi ne harshensa, Hausar Birnin Ƙonni ce tsantsa. Sojan Faransa ne suka ƙone garin nasu a zamanin kakanninsa, suka kashe mutane ba adadi.

Ya san tsawon hular waɗanda suka faɗi a Waterloo. Nasa matattun kuwa, ko "Allah ya jiƙan su" ban ji ya ce ba.