Malam Maliki da Ajin da Ya Bi Ɗalibai Cin Rani

Duk wanda ya saba bi ta bayan makarantar sakandaren da ke gefen garin Isa bayan sallar asuba ya san wani dattijo siriri da ke hawa tsani da tsumma a hannu yana goge gilashin sola. Malam Maliki Labbo ke nan, mai kula da ɗakin kwamfuta. In ya sauko sai ya jona batura, ya kafa wayarsa a kan wata ƙafa da maƙeri ya ƙera masa da ƙarfen tsohon keke, ya rataya shuɗin zane a bango. Da sanyin safiya yake ɗaukar darasin malamai a bidiyo, kafin 'yan kabu-kabu su cika hanya da ƙara su ɓata masa sauti. Da rana kuma yana zaune yana yanka bidiyo, yana shirya shafukan nuni da ake ce wa silaid, yana rubuta bayani a ƙarƙashin kowane hoto. A wannan watan zai ajiye aiki, kuma bai kamata ya tafi shiru ba.

Abin ya samo asali ne a shekarar da ruwa ya ɗauke daidai lokacin da gero ke fitar da kai. Ganye ya naɗe, kara ya bushe a tsaye. Daminar da ta biyo ma ba ta yi wani abin kirki ba. Magidanta daga Tozai da Bafarawa da ƙauyukan Sabon Birni suka fara kwashe iyali zuwa cin rani, wasu bakin gulbi a kudu, wasu tsallaken Nijar wajen dangi. Bencina suka fara zama wayam.

Wata safiya Malama Rahmatu, mai koyar da lissafi a ajin ƙarshe, ta shigo ɗakin kwamfuta ranta a ɓace. Ta ce rabin ajinta ya watse ga jarrabawar fita tana matsowa, kuma ɗalibar da ta fi sa wa rai, Jamilatu 'yar Tozai, ita ma mahaifinta na ɗaure kaya. Malam Maliki ya saurare ta har ta gama, sannan ya ce tunda ba za a iya riƙe yaran ba, sai a ɗauki darasin a aika musu ta waya. Ta ce ita kam ba ta iya tsayawa gaban kyamara. Bai ja da ita ba. Ya karkatar da wayar ta yadda allo da hannunta kaɗai za su fito, da muryarta.

Aikin farko bai yi ba. Wani ɗan kasuwa mai suna Bawa, wanda ke kai kaya tsakanin Sabon Birni da Nijar, shi ya dawo da labari. Ya ce bidiyon ya yi nauyi, sabis ɗin ƙauye ba ya ɗaukarsa, kuma inda ya buɗe rubutun ya yi ƙanana kamar tururuwa. Malam Maliki ya yi masa godiya, ya koma ya wargaza aikin gaba ɗaya. Ya datsa kowane darasi gajere-gajere. Inda ba a buƙatar motsi ya mayar da shi silaid da murya, lissafi ɗaya a shafi ɗaya, da manyan haruffa, Hausa a ƙarƙashin Turanci. Ya aro ƙaramar waya mai fasasshen gilashi yana gwada kowane darasi a kanta, in bai karantu a nan ba bai fita. Masu sabis suna samu a zauren WhatsApp, marasa shi kuwa Bawa na kai musu a memori tare da kayansa.

Saura Jamilatu. Ranar kasuwar Bafarawa Malam Maliki ya hau babur ya je ya sami mahaifinta, Yari, a kara, wajen cinikin dabbobi, inda ya kawo awakinsa biyu da suka rage. Bayan gaisuwa ya faɗi abin da ya kawo shi.

Yari ya ce, "Malam, ciki ba ya jiran boko. Za ni inda ruwa yake, kuma da ɗiyata za ni. Waya guda ɗai gare ni, da ita nika neman aiki."

Malam Maliki ya ce, "Ban ce ka bar ta ba, Malam Yari. Tahi da ita, Allah shi ba da sa'a. Roƙona, in an yi la'asar ka ara mata wayar gwargwadon dahuwar shayi."

Yari ya miƙa wayar aka sa masa memori, bai yi alkawari ba, Malam Maliki kuma bai nema ba.

Yari da kansa ya ba da sauran labarin bayan sun dawo. Ya ce a gonar shinkafar da suka yi ƙwadago, da farko yakan miƙa mata wayar ne don kunyar dattijon da ya biyo shi har kasuwa. Sannu a hankali ya ga yaran wasu bukkokin suna zuwa su zauna kusa da ita, tana tsayar da bidiyon tana zana musu lissafin a ƙasa da tsinke. Daga nan shi ya riƙa tafiya da ƙafa zuwa shagon caji don kada la'asar ta yi waya ba wuta. Da lokaci ya yi ya rako ta Isa ta zauna jarrabawa, ta kuwa ci. Yanzu tana kwalejin horon malamai. Ba duka ɗaliban ne suka dawo ba, kuma in ana yabonsa, Malam Maliki yakan ambaci waɗanda suka ɓace masa da sunayensu.

Malam Maliki, kai ne ka ƙi yarda fari ya cinye hatsi ya haɗa da karatu. Kai ne ka sake aiki daga tushe ba tare da ka ga laifin wanda ya kawo maka gyara ba. Gwanin Gobir mai aiki ba hayaniya, yau idanunka sun raunana saboda kallon gilashin kwamfuta, har sai ka matso da fuska kafin ka karanta abin da ka rubuta. Duk da haka ba ka miƙa mabuɗi ba sai da ka zaunar da Malama Khadijatu, matashiyar malamar kimiyya, ka koya mata yanka bidiyo da shirya silaid har hannunta ya faɗa.

Mun gode, baba. Ku kuma malamai na Isa da Sabon Birni, kusan kowa a cikinku akwai waya a aljihunsa, kuma kowa ya san ɗalibin da bencinsa ke wayam. Malam ya ce bayan ritaya zaurensa a buɗe yake ranar Asabar ga duk mai son koyo. Ku je tun yana iya nuna muku da yatsa. Allah ya ba idanun nan hutu, ya sa abin da suka gaji a kansa ya zama haske gare shi ranar gobe.