Daƙiƙa Sittin ɗin da Muka Ba Audu Makaniki

Kakata Iya Delu ba ta yin tatsuniya kyauta. Sai ka kawo kara biyu ka sa a murhu, ka zauna ka naɗe ƙafa, sannan ta duba ko ka wanke hannu bayan tuwo. Mu bakwai ne jikokinta a gidanmu na Bakori, kuma da an idar da magariba kowa ya san wurin zamansa. Ita tana kan kifaffen turmi tana ɓarar gyaɗa a faifai, hasken wuta na wasa a gefen fuskarta. Buɗin bakinta ma daban yake da na sauran tsofaffi. Sai ta ce, "Na kamo wata a jeji, wa zai riƙe mini ƙafarta?" Mu ce, "Mu ne, Iya!" Ta ce, "To a riƙe da kyau, tana harbi."

Yau ina Riyad, ina jan motar tumatir da albasa a kasuwar Aziziya, gemu ya yi fari fat. A nan ne ɗaya daga cikin tatsuniyoyin ta biyo ni ta harbe ni.

Ta bushiya ce. Wai dabbobin wani daji suna da dandali a gindin tsamiya inda suke rawa, bushiya ce makaɗiyarsu. Dandalin ba shi da daɗi, ga tsakuwa, ga cinnaka. Sai aka aiki biri neman wani. Ya dawo da labarin wani tsibiri a tsakiyar rafi, yashi fari, iska mai sanyi. Bushiya ta ce ita fa ba ta iya iyo ba. Aka ce, "Haba, ai sai mu goya ki." Ranar ƙaura biri ya sunkuya, ƙayarta ta taɓa shi, ya tuna ashe bayansa na ciwo tun jiya. Gada ta ce ita fatarta sabuwa ce. Ƙarshe dai aka ce, "Ki zauna nan bakin ruwa ki riƙa kaɗawa, ai muna jiyo ki."

A nan Iya takan buga faifai da yatsu, ta yi ta rage ƙarfi, har ya zama hannun ne kawai ke motsi ba sauti. Ta ce ruwa ma yana da tasa ƙarar. Dabbobi suka yi ta rawa a tsibiri, kowa na zaton na kusa da shi yana jin kiɗan. Sai ran nan zomo ya tsaya ya ce, "Wai wa ke jin gangar nan?" Kowa ya kasa kunne. Da aka leƙa, ba bushiya, ba ganga, har ciyawa ta tsiro a wurin zamanta.

Ƙanwata Ladi ta ce, "Iya, ina ta tafi?"

"Oho. Ni ma ina cikin masu rawar, wa ya duba? Na sake ta, ta koma jeji. Kowa ya je ya yi fitsari."

To ga abin da ya kawo maganar. Mu goma sha biyu ne 'yan gida da ke haɗuwa kowace Juma'a bayan an sauko, a saman shagon Sabo Tela da ke unguwar Batha. Shekara biyar ke nan muna wani wasa da yara ke kira fantasi, ni kuwa nake kiransa koci daga zaune. A farkon kakar wasa ana bin layi, kowa ya zaɓi 'yan ƙwallon Turai na gaske ya haɗa ƙungiyarsa a waya. In suka ci ƙwallo a can, kai ka sami maki a nan. Ba caca muke yi ba, a rubuta wannan da manyan baƙi. Wanda ya zo na ɗaya ana kiransa Koci har shekara, wanda ya zo na ƙarshe shi ke wanke farantin kabsa, shinkafar Larabawan da muke ci. Na wanke shi shekara biyu a jere, kuma har gobe ina cewa zaluncin na'ura ne.

Audu Makaniki abokina ne tun muna samari, tare muka zo ƙasar nan. Bai taɓa kirana da sunana ba, sai Direban Jaki. Bara ɓarin jikinsa na dama ya shanye a gareji. Kafil ɗinsa, wato ubangidan da ya tsaya masa, ya yi masa takardar fita, aka sa shi a jirgi sai gida, Funtuwa. Amma bai fita wasan ba, don tsohon shafin da muke amfani da shi yana barin shugaban gasa ya tsayar da agogo, ya kuma shigar wa mutum zaɓinsa. Shugabanmu Nura ne, ma'aikacin ofishin jakadanci, shi ne mai boko a cikinmu. In layi ya zo kan Audu, sai Nura ya tsayar da komai ya kira shi a sa a lasifika. Audu ya yi minti goma yana zagin kowa da harshen nan nasa da ya yi nauyi, sannan ya faɗi ɗan wasansa.

Bana Nura ya zo mana da takarda, ya jera wurare uku kamar mai neman digiri. Tsohon shafi: nauyi gare shi, tallan man gashi ya cika shi, maki ba ya fitowa sai washegari. Na biyu kyakkyawa ne amma mutum goma kaɗai yake ɗauka, kuma ba wanda ya yarda ya ambaci biyun da za a kora, sai aka soke shi. Na uku manhaja ce ta zamani. Ana zura ƙwallo wayarka za ta yi ƙara, makinka ya hau nan take. Akwai Larabci, akwai wurin hira, har wasan Amurkawan nan na dukan ƙwallo da sanda yana ciki ga mai so. Sai Nura ya rage murya ya karanto na ƙasa: kowa da wayarsa zai zaɓa, daƙiƙa sittin, in ka wuce na'ura ta zaɓa maka. Shugaba ba ya tsayar da agogo, ba ya zaɓa wa kowa.

Sabo Tela ya ajiye kofin shayi ya ce, "Audu fa?"

Ni ne na amsa. Ba Nura ba, ba yaran nan masu gaggawa ba, ni Tanko. Na ce, "Haba Sabo, ai sai mu taimaka masa. Ni da kaina zan kira shi in koya masa." Gaskiyar ita ce na ƙosa in ga makina yana hawa ina zaune a mota, kuma na sa a raina tsohon shafin ne ke sa ni wanke-wanke. Aka ɗaga hannu, muka yi rinjaye. Shi ke nan, aka ƙaura.

Na kira shi kuwa. Sau ɗaya, ana loda mini albasa, ina ce masa danna nan, danna can, ina yi wa masu lodi tsawa. Ya ce ya gane, ni kuma na so in yarda.

Ranar zaɓe layi ya zo kansa. Muka zuba wa waya ido, lambobi na sauka, hamsin, talatin, goma. Mutum ne mai danna waya da babban yatsan hagu, a garin da sabis ke zuwa yana tafiya. Na'ura ta zaɓa masa. Layi ya sake zagayowa, ta sake. Har aka gama bai ɗauki ko mutum ɗaya da hannunsa ba. Ya turo saƙon murya yana cewa, "Direban Jaki, wannan ƙungiya ko matata ba za ta haɗa ta ba." Muka yi dariya har da buga cinya.

Abin da ya rufe mana ido shi ne, sunansa bai ɓace ba. Na'ura tana jera masa 'yan wasa duk mako, maki na shiga, yana nan na tara ko na goma. Mukan ce, "Ka ga Audu ya taso!" Sai a mako na tara Sabo ya ce, "Wai wa ya ji muryar Audu kwanan nan?" Kowa ya dubi na kusa da shi. Nura ya latsa wani wuri a wayarsa, ya ce rabon Audu da shiga tun mako na biyu.

Na sauka ƙasa na kira. Matarsa Hajara ta ɗauka ta miƙa masa.

"Alhaji Tanko, ina wuni. Ya aiki?"

Shekara arba'in bai taɓa ce mini Alhaji ba. Na ce, "Kai Makanikin Keke, ina ka shige?" Bai rama ba. Ya ce manhajar ta ce sai an sabunta ta, wayarsa kuma ta ce ba ta da wuri. "Ba komai, ku yi wasanku. Da ma hannun ya gaji." Da Hajara ta karɓa ta fita tsakar gida ta ce mini, "Baban Ladidi, da can ranar Juma'a tun hantsi yake sa a yi masa wanka, ya sa hula ya zauna jiran kiranku. Yanzu bango yake juya wa fuska."

Juma'ar da ta biyo na ce a koma tsohon shafi. Nura ya ce, "Baba, in muka koma duk makin bana ya tafi." Wani ya ce a bari sai baɗi. Zan faɗi abin kunya tun da na fara: a lokacin ni ne na ɗaya a tebur, karo na farko a rayuwata, kuma da aka ƙi maganata sai da na ji wani sanyi a ƙirji.

Muna yara, in Iya ta gama, kowannenmu tausayin kansa yake ji, yana ganin shi ne bushiya. Ban taɓa jin yaron da ya ce shi ne biri ba. Kuma birin nan ba mugu ba ne, da gaske ya sunkuya. Sau ɗaya dai ya sunkuya, ya ga ya fita hakki.

Na roƙi Nura ya buɗe mana wata 'yar gasa a tsohon shafin, mu huɗu: ni, shi, Sabo da Audu. Muka ba Audu zaɓin farko, aka kashe agogo gaba ɗaya. Na gaya wa Hajara ta ce masa ya kira ni duk sa'ad da ya shirya, ko ina kan titi zan tsaya. Ta ce ya ji, ya kuma ce a ba shi takarda da biro.

Yau kwana goma sha ɗaya. Jiya mudir ɗinmu, wato manaja, ya yi mini faɗa a gaban masu lodi, wai na tsaya duba waya tumatir na shan rana. Na ba shi haƙuri, na jira ya juya baya, na sake dubawa. Har yanzu layin Audu ne.