Inda Aka Kai Ƙafata

Shekarun baya, ban daɗe da tarewa gidan ɗana a Upper Marlboro, can ƙasar Turawa, ba, ciwon suga ya kama mini ƙafar hagu. Daga ɗan yatsa ya fara, kamar wasa, har ya kai idon sawu. Likitoci suka ce sai an yanke ta daga ƙasan gwiwa, in ba haka ba ya haura ya tafi da ni gaba ɗaya.

Wuƙa ba ta ba ni tsoro ba. Tambaya ɗaya na yi wa ɗana: in an yanke, ina za a kai ta? Ya sosa ƙeya, ya ce, "Hajiya, a nan ƙonawa ake yi." Na ce to a bar mini abata. A gidanmu ko gashin da ya zuba wurin kitso rami ake tona masa, farce ma haka. Ƙafar da nake wankewa a alwala tun ina yarinya, wadda ta taka Safa da Marwa, ita za a cinna wa wuta ina ji ina gani? Ya yi lallashi, matarsa ta yi kuka, ni kuwa na juya fuskata bango. Da ma tun ina gidan miji ake ce mini mai taurin kai.

Wani hantsi ina kwance a asibiti, maganin da suke ɗura mini ya bar ni tsakanin barci da farke. Dusar ƙanƙara na sauka bayan taga a hankali, kamar ana tankaɗe a sama. Sai na ji an ce, "Sannu da jiki, Mama." Da Hausa. Na ɗauka mafarki nake. Ashe wani fada ne, limamin coci, ɗan Kafanchan, dogo, mai farar kwala, yana zaga majinyatan addininsu. Ya hango carbina da zanen fuskata, ya kasa wucewa.

Na ce, "Ɗan nan, ka yi ɓatan ɗaki. Ni ba taku ba ce."

Ya ce, "Na sani, Mama. Gaisuwa kawai na kawo, ba ta da coci."

Na ga ɗan gwangwani a hannunsa, na ce man zafi ne? Ya yi dariya. Ya ce mai ne da suke shafa wa wanda ciwo ya tsananta. A da can, in ji shi, ido ake shafawa, da kunne, da baki, da hannu, har ƙafa, don kowace gaɓa da abin da ta kwaso a duniya.

Na ce, "Wanda aka yanke wa ƙafar fa?"

Ya jawo kujera ya zauna. Ya ce ai malamansu na da sun yi wannan gardama, ɗaruruwan shekaru da suka wuce, a ƙasar Turawa, cikin ɗakunan dutse masu sanyi, suna rubutu a fata da gashin tsuntsu. Suka yanke cewa a shafa wurin da ya fi kusa. Kuma ba su tsaya nan ba. Suka tambayi juna: mutum ya nitse, kifi ya cinye shi, wani ya ci kifin, ranar tashi naman na wa ne? Farcen da aka yi ta yankewa, duka zai dawo? In ya dawo duka ai dodo za a tayar. Suka ce iyakar abin da zai cika mutum ya yi kyau za a mayar masa, kuma tsoho da jinjiri duk za su miƙe kamar 'yan shekara talatin.

Na ce, "Talatin? Lokacin ina daka da goyo a baya, ko gajiya ban sani ba."

Ya ce, "To haka za ki tashi, Mama, in sun yi daidai. In ba su yi ba, ai yanzu sun gani da idonsu."

Yana magana idona na lumshewa. Na gan su, wallahi, tsofaffi cikin dogayen riguna, hancinsu ja saboda sanyi, sun sunkuya a ƙarshen gadona suna duba ƙafata, suna musu ƙasa-ƙasa kamar mata a kan ƙwaryar nono. Abin ya ba ni tausayi. Ashe har da su an kwana da damuwar farce.

Na ce masa ni ban yi shakkar ikon Allah ba. Mu ma an karantar da mu zai haɗa har kan yatsu, ko toka ce zai tara ta. Amma ba da yawuna za a kai ta wuta ba.

Ya ce, "Wa ya ce dole sai wuta? Ana roƙa a bayar a binne. Na ga iyalan da suka yi."

Da ɗana ya zo na gaya masa. Ya fita ya tambaya, ya dawo ya durƙusa bakin gado ya kifa kansa a hannuna, ya ce sun yarda za su ba mu ita. Kashegari aka shiga da ni ɗakin tiyata.

Ɗana da limamin masallacinsu suka naɗe ƙafar a farin ƙyalle, suka kai ta maƙabartar Musulmi. Fadan kuwa ban ƙara ganinsa ba. Da na tambaya aka ce an mayar da shi wani gari. Har yau ina mamakin yadda Allah ya aiko mini sauƙi ta hannun wanda ba alƙiblarmu ɗaya ba.

Da ɗumi ya shigo aka kai ni wurin, ina dogara ƙafar roba. Ciyawa ta rufe shi, ga itatuwa sun yi fure fari, wata barewa tana kallonmu daga nesa. Na daɗe a tsaye. A hanyar komawa na ce wa ɗana, maganar da na sha yi masa cewa in na mutu a sa gawata a jirgi a mayar Zariya, ya bar ta.

Ya ce, "Hajiya, kin tabbata?"

Na ce, "Ka nemi wuri kusa da ita. Ba na so ranar tashi ta yi doguwar tafiya ita kaɗai."